Kafin ki biya kuɗin kwikwiyo, ki je ki ga uwarsa

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi ta aiko da tambaya. Ta ce yaranta sun matsa mata a kan ɗan ƙaramin karen nan mai gashi na zaman gida. Ta ga hotuna a Facebook da WhatsApp, kowane mai sayarwa yana cewa nasa ne na asali: wani a Yamai, wani a Kano, wani ma ya ce daga Kwatano zai sa a kawo mata. Tana son ta san yadda ake gane mai kiwo na gaskiya, da abin da za ta duba kafin ta ba da kuɗinta.

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika yi tambaya tun kuɗin suna hannunki. A aikina na likitan dabbobi, yawancin masu irin wannan kare sai bayan ciniki ya faɗa nake ganinsu, sun rungumo kwikwiyo cikin tsumma yana amai, mai sayarwa kuma ya daina ɗaukar waya. Amsata a dunƙule ita ce: kada ki sayi kwikwiyon da ba ki ga uwarsa ba, a gidan da aka haife shi, yana cikin 'yan'uwansa.

Ke 'yar Maradi ce, kin san yadda ake sayen jar akuyarmu. Wanda ya san kiwo ba ya tsayawa kan sheƙin fata. Zai buɗe baki ya ga haƙori, ya taɓa hantsa, ya tambayi garken da ta fito, ya ji ko uwarta tagwaye take haihuwa. Wannan idon ne nake son ki tafi da shi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mutumin da ba za a taɓa cutarsa a kan ragon layya ba, idan aka zo kan kare sai ya yarda da hoto ɗaya a waya, ya yi cinikin biri a sama.

Masu sayar da kwikwiyo iri biyu ne. Akwai mai kiwo, wanda karyar tasa ce, a gabansa ta ɗauki ciki, ta yi kwana 63 ko kusa da haka ta haihu, ya san wanda ya fara buɗe ido da wanda ya fi rigima a wurin nono. Akwai kuma dillali, mai tattaro 'ya'ya daga gidaje daban-daban ya zuba su keji ɗaya, ya yi musu wanka, ya ɗauki hoto. Dillanci sana'a ce, a kasuwar dabbobi ba ma iya yi sai da shi. Amma sa ko rago babbar dabba ce da ta riga ta yi ƙwari. Kwikwiyon da bai kai kilo ɗaya ba kuwa, kowane hannu ya bi yana rage masa rai.

Ga dalilin. Ɗan kwikwiyo yana samun kariyar farko daga dakashin uwarsa, nonon da yake sha a ranar da aka haife shi. Wannan kariya tana raguwa sannu a hankali tsakanin sati 6 zuwa sati 16. A cikin wannan tsakanin akwai lokacin da kariyar uwa ta yi ƙasa har ba ta iya tare cuta, amma da saurarta har tana iya hana allurar rigakafi kamawa. Shi ya sa ba a yin allura sau ɗaya a ce an gama. To daidai wannan lokacin ne dillali ke raba shi da uwa, ya haɗa shi da 'ya'yan wasu gidaje, ya ɗora shi a mota. Cutar da ta fi cin su ita ce farbo, wadda ta ɓulla a duniya wajen 1978. Tana cin bangon hanji, sai amai, sai zawo mai jini mai wani irin ƙarni da wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Tana ɗaukar kwana 3 zuwa 7 kafin ta nuna, wani lokaci fiye. Ma'ana, ranar da aka miƙo miki shi yana iya zama garau yana wasa, alhali yana ɗauke da ita.

Akwai wani magidanci da ya kawo mini 'yar farar kwikwiya da ya saya wa 'yarsa. A kwali aka turo ta daga ƙetaren iyaka, ta kwana a hanya. Kwana huɗu da isowarta ta daina cin abinci. Muka yi ta ƙarin ruwa kwana uku, ba ta tashi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yarinyar, ita ce ke riƙe da ita duk lokacin da aka zo. Bayan sati biyu mutumin ya dawo ya ce zai sayi wata don ya share mata hawaye, na ce ya dakata. Ƙwayar farbo tana rayuwa wata da watanni a cikin ƙasa, musamman inda rana ba ta duka. Ruwan jabel yana kashe ta a kan siminti da kwano, amma ƙasar tsakar gida ba ta wankuwa. Kin ga ke nan kuskuren saye ɗaya yana iya rufe miki gida na tsawon lokaci.

Idan kin isa gidan mai kiwo, ki fara da uwar kafin 'ya'yan su ɗauke miki hankali, don lallai za su ɗauke. Karyar da ta shayar ana ganewa: nononta ya saki, ta ɗan faɗa, gashinta ya ɗan zube. Wannan ba aibi ba ne. Idan aka fito miki da wata tsaf-tsaf wadda babu alamar shayarwa a jikinta, 'ya'yan ma ba su kula ta ba, ita ma ba ta kula su ba, to aro aka yi don ke. Ki lura da yadda take da maigidan. Tana zuwa wurinsa da kaɗa wutsiya, ko tana maƙewa idan ya ɗaga hannu? Ki lura da yadda take da ke. Yin haushi ga baƙo daidai ne, uwa ce mai 'ya'ya, amma ya kamata ta lafa idan maigidan ya yi magana. Wadda ke karkarwa a lungu ko ke neman cizo har kika tashi, 'ya'yanta za su ɗauko wani abu daga ciki, ta jini da kuma ta koyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tunda don yara kike so, halin uwa ya fi launin gashi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sai ki dubi wurin. Akwai inuwa? Akwai ruwa mai tsabta a kwano? Kashi ya taru ko ana sharewa? 'Ya'yan suna jin motsin gida, ƙarar turmi, muryar yara, ko an kulle su a wani ɗaki a baya? Tsakanin sati 3 zuwa sati 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka aboki da abin da zai ji tsoro har ƙarshen ransa. Wanda ya tashi ana ɗaukarsa ana shafa shi, ba ya ba da wahala. Idan kuma mutum ya ce miki yana da ƙananan iri daban-daban kamar Shiwawa da Lasa da Shitsu, yana da babban karen gadi, kuma kowane lokaci kika zo akwai 'ya'ya, to wannan ko dillali ne ko kuma ya mai da karnukansa injin haihuwa. Karya sau biyu take neman namiji a shekara, ƙananan nan kuma ba sa haihuwa da yawa, sau da dama biyu zuwa biyar ne. Mai kiwo na kirki yakan ce miki yanzu babu, ki jira wata uku. Wannan jiran alama ce mai kyau.

Ki tambaye shi shekarun uwar, da haihuwa ta nawa ke nan. Ba a so a haɗa karya a zuwanta na farko, wato karon farko da ta nemi namiji, tana ita ma yarinya, kuma ba a so a riƙa haɗa ta duk zuwa babu hutu. Sannan ki yi tambayar da kusan babu mai yi: waye uban, kuma mene ne tsakaninsa da uwar? Ba dole ne uban ya kasance a gidan ba, sau da yawa kai karyar ake yi wani wuri, amma dole a san shi, a iya nuna miki shi ko a faɗa miki gidan da yake. Na nace a kan wannan ne saboda halin da muke ciki a gari irin namu. Irin waɗannan karnuka ba su da yawa, sai mutum ya sayi mace da namiji ciki ɗaya ya haɗa su, 'ya'yan su girma ya sake haɗa uba da 'ya. Makiyayanmu sun daɗe da sanin illar haka, shi ya sa ake canza bunsuru a garke. A kare, abin da yake haifarwa shi ne lahanin da ke ɓoye a jini ya fito fili, 'ya'ya su zo da rauni, wasu su mutu a satin farko.

Wata alama kuma: mai kiwo na gaskiya shi ma zai yi miki tambayoyi, har ki ji kamar aure kika zo nema. Wa zai kula da shi idan kin fita? Yaran shekararsu nawa? Gidan yana da katanga? Maigida ya yarda? Kada ki ji haushi. Wanda bai tambaye ki komai ba sai ta inda za ki turo kuɗi, bai damu da inda dabbarsa za ta ƙare ba. Ki tambaye shi kai tsaye: idan likita ya duba ya ga lahani a kwana biyu ko uku na farko, za ka karɓa? Ku yi wannan magana a gaban shaida, in da hali a rubuta.

Batun shekaru, kada ki karɓi wanda bai cika sati 8 ba, ko da an ce miki ya iya cin abinci. A 'yan mitsi-mitsin nan irin su Shiwawa da Yokshaya na fi son sati 10 zuwa 12. A Faransa doka ta hana sayar da kwikwiyon da bai kai sati 8 ba, kuma tun 1 ga Janairun 2024 aka hana shagunan dabbobi baje karnuka da kyanwoyi don sayarwa. A Ingila tun Afrilun 2020 aka hana ɗan tsakiya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, dole sai daga hannun wanda ya kiwata ko gidan ceton dabbobi. Sun ga irin ɓarnar da nake ba ki labari ne suka yi dokar. Mu a nan idonki ne dokarki. Masu sayarwa suna son rabuwa da su da wuri saboda abinci da allura kuɗi ne, kuma ɗan sati 5 ya fi shiga rai a hoto. Ki buɗe bakinsa. Haƙoran nono suna fara fitowa wajen sati 3, zuwa sati 8 yawanci sun cika 28, ƙanana masu tsini kamar allura, ko da yake ƙananan irin sukan ɗan makara. Wanda bakinsa kusan dasashi ne kawai, yana tafiya yana tangaɗi, bai isa rabuwa da uwa ba. Ta ɗaya gefen kuma, idan kin ga manyan haƙoran gaba sun fara maye gurbin na nono, ya kai wata 4 ko kusa, ko da an ce miki wata 2 ne. Wasu suna rage wa kwikwiyo shekaru, wasu suna ƙarawa don a ɗauka ƙaramin iri ne.

Yanzu karne, wato ɗan littafin allura. Kowa zai ce miki "an yi masa allura". Ki ce a nuna miki. Allurar farko ana yin ta ne a sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Ita ce ke kare shi daga farbo, da distamfa mai sa majina da kwantsa daga baya ta taɓa ƙwaƙwalwa, da ciwon hanta na karnuka. Ta haukan kare kuwa sai ya kai wata 3. A karne na gaskiya za ki ga kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar aka manna, mai lamba da ranar lalacewa, da sa hannu da hatimin likita. Ki lissafa da kanki. Idan kwikwiyo ɗan sati 7 ne amma karne ya nuna an gama masa komai har da ta hauka, to cike takarda aka yi. Ki karɓi lambar likitan ki kira shi a gaban mai sayarwa. Mai gaskiya ba ya jin zafin haka.

Akwai masu sayen allurar su yi da kansu. Matsalar ita ce wannan magani dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har ya shiga jiki. Kin san halin wutarmu, kin san zafin garinmu. Kwalbar da ta wuni a aljihu ko a firigon da wuta ta ɗauke masa tun safe, ruwa ne kawai aka tsira wa dabba. Idan ina da shakka a kan allurar da aka ce an yi, sabon lissafi nake farawa, kuma haka nake ba ki shawara. Ki tambayi maganin tsutsar ciki ma. Ana fara ba su tun suna sati 2, a maimaita duk sati 2. Wasu tsutsotsin kare suna kama yara ta hanyar ƙasar da suke wasa a kai, don haka wannan ya shafi 'ya'yanki kai tsaye.

Idan kin ɗauke shi a hannu, ki bi shi daga kai zuwa wutsiya. Ido ya zama garau babu kwantsa, hanci babu majina, kunne babu wari ko baƙin datti. Ki ɗaga leɓe ki ga dasashi: ja-ja mai haske ake so. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, ko dai tsutsa ko ciwon da kaska ke kawowa, kuma kaska a nan ba ta da iyaka, musamman da damina. Ki buɗa gashin ki duba fata, tsakanin yatsu da cikin kunne, ko akwai kaska, ƙuma, ko ƙazuwa. Ciki kumbure kamar tulu a kan siraran ƙafafu alamar tsutsa ce. Ki shafa cibiya, idan akwai ɗan ƙullutu mai laushi ƙaba ce. Ki duba ƙarƙashin wutsiya ko gashin ya manne da zawo. Sannan ki ajiye shi ƙasa ki ga tafiyarsa.

Ƙananan karnuka suna da nasu ciwon gado da ya kamata ki sani. Wanda na fi gani shi ne gocewar ƙoƙon gwiwa: kare yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya taku biyu ko uku, sannan ya sauke kamar ba komai. Ki kalli uwar tana gudu, a jikinta za ki fi gani. Akwai tari mai ƙara kamar kukan dinya, wanda ke nuna maƙogwaro mai laushi, ya fi yawa a Yokshaya da Fomeraniya. A Shiwawa kuma akan samu maɗiga a buɗe a tsakiyar kai. Ƙarama ba damuwa, amma idan tana da faɗi, kai ya yi ƙato, idanu sun karkata waje, ana tsoron ruwa a ƙwaƙwalwa. A namiji, likita zai duba ko ƙwayayensa biyu sun sauko.

Ki yi hattara da kalmar "mini", ko a ce miki irin wanda ke shiga kofin shayi ne. Babu wani iri mai suna na kofin shayi. Yawanci autan ciki ne da bai samu nono ba, ko marar lafiya, ko wanda aka rage wa abinci don kada ya girma, sai a ɗora masa kuɗi fiye da na 'yan'uwansa. Shiwawa, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, idan ya girma bai wuce kilo 3 ba, to me ake nema ƙasa da haka? Irin waɗannan sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri, idan suka tsallake abinci sau ɗaya ko biyu sai ki ga sun yi laushi suna rawar jiki. A gidan yara kuma faɗowa daga kan kujera kaɗai yana iya karya musu ƙafa. Ki zaɓi matsakaici a cikin 'yan'uwansa, mai nauyi a hannu, wanda ya zo ya shinshina ki da kansa.

Sunan iri ma abin dubawa ne. A nan duk ƙaramin kare mai gashi kanish muke ce masa, alhali mafi yawansu gauraye ne na Bishon da Lasa da sauransu. Ni ban ga laifin gauraye ba ko kaɗan, sau da yawa ma ya fi juriya. Laifin shi ne a sayar miki da shi a kan kuɗin tsantsar iri. Takardar asali, wadda ke jera iyaye da kakanni, ƙungiyoyin masu kiwo ne ke bayarwa, kamar littafin LOF na Faransa da aka buɗe tun 1885, kuma tana tafiya ne da lambar shaida, yawanci ta 'yar na'ura mai lamba 15 da ake sa wa dabba ƙarƙashin fata. Takardar da ba ta da lambar da za a gwada da jikin karen, kowa yana iya buga ta a kwamfuta. Tunda abokin wasan yara kike nema, kada ki biya ko dala a kan takarda. Ganin uwa da uba ya fi ta gaya miki yadda zai zama.

Abin da masu talla ba za su faɗa miki ba shi ne zafin Maradi. Lasa daga duwatsun Tibet ya fito, Fomeraniya daga gaɓar teku tsakanin Jamus da Folan. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Masu gajeren hanci, irin su Shitsu da Fekinuwa da Fog, hanyar iskarsu a matse take, sai hakin ya kasa wadatar da su. Su ne ke fara faɗuwa da bazara, kuma idanunsu da suka fito waje suna shan wahalar ƙurar hunturu. Idan babu ɗaki mai sanyi da za ki iya riƙewa ko wuta ta ɗauke, ki bar su, don Allah. Ki nemi mai dogon hanci, mai buɗaɗɗun ƙofofin hanci, wanda ba ya minshari yana farke. Wannan ma wani dalili ne na saye kusa da gida: uwar da ta yi bazara uku ko huɗu a garin nan lafiya lau ta riga ta nuna miki jininta yana iya zama da mu. Kuma in da zaɓi, ki ɗauko shi bayan damina ko da sanyi, ya yi ƙwari kafin zafi ya shigo.

To ina za ki samu irin wannan gida? Ki fara da likitocin dabbobi na gari da ma'aikatan ma'aikatar kiwo. Mu ne muke yi wa iyayen allura, mun san gidan da ake kula da gidan da ba a kula. Sannan idan kin ga wani da lafiyayyen kare da ya shekara biyu ko uku a hannunsa, ki tambaye shi inda ya samo. Shaidar wanda ya saya ya ji daɗi ta fi talla dubu. Ki kuma nemi mai kiwon ya haɗa ki da wanda ya sayi ɗan haihuwar baya.

Idan ya zama dole sai daga nesa, ki je da kanki ko ki tura wanda ya san dabba kuma kika yarda da shi. Kafin tafiya ki nemi a kira ki ta bidiyo kai tsaye, a nuna miki uwa da 'ya'ya tare, ki ce a ɗaga wancan, a juya wannan. Mai hoton sata daga intanet ba ya iya wannan, kullum zai ce waya ta lalace. Salon 'yan damfara kusan ɗaya ne: kuɗin kafin alƙalami, sai kuɗin mota, sai a ce an riƙe shi a duwan ki ƙaro, har ki gaji. Kada ki tura komai kafin wani naki ya gani da ido. Kuma kada ki yarda a sa shi a kwali cikin ɗakin kayan bas. Daga Yamai zuwa nan ya fi kilomita 600, wuni guda ne cikin zafi babu ruwa. A hannun mutum zai zo, ana ba shi ruwa da ɗan abinci a hanya. Idan ta iyakar Ɗan Isa zai shigo daga Nijeriya, ki tabbata yana da takardar lafiya daga likitan dabbobi tare da karnensa.

A kan kuɗi, araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, don dillali ya fi kowa iya tsuga kuɗi. Abin da za ki lissafa shi ne na bayan saye: allurai, maganin kaska, abinci mai kyau sau huɗu a rana yana ƙarami, taje gashi kusan kullum. Ragowar miya mai albasa ba abincinsa ba ce, albasa tana lalata jinin kare. Kuma ƙananan nan suna daɗewa, shekara 12 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne. Yaran da ke kuka a kansa yau za su tafi makaranta su bar miki shi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ajiye kare a gida yana da hukunci a addini, hadisi ya ambaci na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun yi bayani a kan na tsaro da kan cinikinsa. Wannan fagen malamai ne, ki zauna da malaminki da maigida ku daidaita tun kafin a kawo shi. Na sha ganin karen da aka saya da ɗoki, bayan wata biyu rigima ta tashi a gida, aka kai shi bayan gari aka yar. Ɗan karen da bai san komai ba sai tabarma da kwano ba ya kwana nawa a waje.

Haukan kare kuma kada ki ɗauke shi da wasa don dabbar ƙarama ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Kwikwiyon da ba a san uwarsa ba, ba a san abin da ya cije shi a hanya ba. Idan ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi likita a ranar.

Idan kin samu gidan da ya kwanta miki, ki je sau biyu, na biyun ba tare da dogon shiri ba, kuma a zuwan farko ki bar yaran a gida don ki iya cewa a'a. Ranar ɗauka ki tafi da likitan dabbobi, ko ki wuce da shi wurinsa kafin ki shiga gida. Ki roƙi ɗan abincin da ya saba ci na kwana biyar ko shida, da tsumman da uwar ke kwanciya a kai, zai rage masa kukan dare. Daga nan sai tsakar gida kawai: ba titi, ba haɗuwa da karnukan unguwa, har sai ya yi sati biyu da allurarsa ta ƙarshe.